Zambar Dubu Ɗari Uku: Nazarin Lamba Guda ta Fuskar Lissafi da Nahawu

1.0 Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ɗaliban harshe mun shigo wannan fanni muna murnar cewa mun yi sallama da lissafi tun a sakandare. Sai dai duk wanda ya kammala karatun Hausa ya samu aiki a gidan rediyo, ko ya zama tafinta a kotu, ko malamin makaranta, ko mai fassara takardun hukuma, to ba makawa wata rana za a miƙo masa takarda mai ɗauke da lamba mai alƙaluma tara ko goma, a ce ya faɗe ta da Hausa. Idan ya yi tuntuɓen harshe a wata kalma, mai sauraro zai iya gyarawa a zuciyarsa. Idan kuwa a lamba ya yi tuntuɓen, babu mai gyarawa, domin mai sauraro bai ga takardar ba.

Saboda haka a wannan maƙala na ɗauki lamba guda ɗaya tak, wato 300,000,000, domin mu feɗe ta har wutsiya. Za mu ga inda ta fito a tarihin ƙasar Hausa, da irin tubalan da aka gina ta da su, da abin da yake raba ta da wanda ba ya raba ta, sannan mu dubi yadda ake faɗarta. Abin da nake son nunawa shi ne, kalmomin ƙidaya na Hausa lissafi ne da kansu, kuma wanda ya fahimci lissafin da ke cikinsu ba zai ruɗe ba in ya gamu da babbar lamba.

2.0 Inda Lambar ta Fito

A watan Fabrairu na shekarar 1851, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Ibrahim Dabo, wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda yake kiran kansa Abdulkarim, ya sauka a birnin Kano. Ya lura da sana'ar saƙa da rini, da yadda ake fitar da tufafin Kano zuwa Tambutu da Gat da Murzuk har Tarabulus. A littafin tafiye-tafiyensa, wanda aka buga cikin juzu'i biyar a tsakanin 1857 da 1858, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take sayarwa waje a shekara sun kai aƙalla na wuri 300,000,000.

Wuri shi ne kuɗin ƙasar Hausa a wancan zamani, kuma ita kanta kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce a asali. Wurin da aka fi sani daga tsibiran Maldibs da ke tekun Indiya ake kawo shi. Barth ya ce a Kano ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Ke nan, in aka raba 300,000,000 gida 2,500 za a samu dala 120,000 cif.

Mu mutanen Mubi muna da ɗan rabo a labarin wannan matafiyi, domin a watan Yuni na wannan shekara ya bi ta Uba da Mubi a kan hanyarsa ta zuwa Yola wurin Lamiɗo Lawal. A Adamawa kuwa abin da ya tarar ana ciniki da shi siraran ƙyallayen auduga ne na saƙar hannu, waɗanda ake kira leppi da Fulfulde. Wato a nan awo ake yi, a ƙasar Hausa kuma ƙirga ake yi, kuma ƙirgar ce ta sa Hausa ta tara kalmomi masu yawa na manyan lambobi.

3.0 Yadda Ake Ƙirga Wuri

Kafin Barth ya isa Kano ya ya da zango a Tasawa, wadda a yau take cikin jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, inda ya shaida ƙirgar wuri 500,000 tare da taimakon mutum biyar ko shida. Ya bayyana cewa biyar-biyar ake janyo wurin, a tara shi tsibi-tsibi na 200 ko na 1,000, kuma masu mulki kan ɗure shi a buhunan kaba masu cin 20,000 kowanne. Ga matakan ƙidayar kamar yadda suke a tsohuwar Hausa:

biyar: 5
hauya: 20
zangu: 100
metan: 200
dubu ko alif: 1,000
zambar goma: 10,000
keso: 20,000

Hauyar da ake nufi a nan ta ƙidaya ce, ba ta noma ba. Hauya uku sittin ke nan, hauya goma kuma metan. Keso a asali tsohuwar tabarma ce, sai aka ari sunan aka ba ƙunshin wuri zambar ashirin. Ita kuwa "zambar" dubu take nufi, amma ba ta tsayawa ita kaɗai, sai an biyo ta da wata lamba, kamar zambar goma ko zambar hamsin. In aka ce zambar dubu, ana nufin dubu sau dubu, abin da muke kira miliyan a yau.

Ni harshena na farko Fulfulde ne, kuma wannan ƙirga ta biyar-biyar ba baƙuwa ba ce a kunnena. A Fulfulde biyar ita ce jowi, shida joweego, bakwai joweeɗiɗi, takwas joweetati, tara joweenayi, wato biyar da ɗaya, biyar da biyu, biyar da uku, biyar da huɗu. Yatsun hannu guda ne suka shiga cikin kalmomin. A Hausa ba a jin biyar a cikin shida ko bakwai, amma tana nan daram a hannun mai ƙirgar wuri.

Idan muka auna lambarmu da waɗannan matakai za mu ga cewa 300,000,000 daidai take da keso 15,000, ko metan 1,500,000, ko zangu 3,000,000, ko hauya 15,000,000. Ƙirgar da aka yi a Tasawa keso 25 ce, don haka sai an maimaita irinta sau 600 kafin a kai ga lambar Kano. A ɗauka mutum yana janyo wuri biyar a kowace daƙiƙa ba tare da hutawa ba. Keso guda zai ci masa daƙiƙa 4,000, wato awa ɗaya da minti shida da daƙiƙa arba'in. Lambar gaba ɗaya kuwa za ta ci daƙiƙa 60,000,000. In yana aikin awa goma kullum, sai ya yi kwana 1,667, sama da shekara huɗu da rabi ke nan, yana ƙirga cinikin shekara ɗaya.

4.0 Tubalan da Aka Gina Lambar da Su

Mai karatu zai lura cewa duk rabon da muka yi a sama ya fita daidai, babu saura ko wuri guda. Wannan yana da dalili, kuma dalilin yana cikin ginin lambar.

Akwai lambobin da babu abin da yake raba su daidai sai 1 da su kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. A wannan maƙala zan kira su lambobi gagara-rabo. Masana lissafi sun tabbatar cewa kowace cikakkiyar lamba da ta wuce 1, ko dai ita kanta gagara-rabo ce, ko kuma an same ta ne ta hanyar ninka gagara-rabo da juna, kuma hanyar guda ɗaya ce tak ga kowace lamba. Su ne tubalan gini. Alal misali, 12 ita ce 2 sau 2 sau 3, kuma babu wasu tubalan da za su ba da 12 in ba waɗannan ba.

Lambarmu 3 ce da sifili takwas a bayanta. Kowane sifili yana nufin an ninka da 10, ita kuma 10 ita ce 2 sau 5. Ke nan tubalan 300,000,000 su ne: 2 guda takwas, 3 guda ɗaya, 5 guda takwas. Mai son tabbatarwa ya ninka 2 da kanta har guda takwas, zai samu 256. Ya yi wa 5 haka, zai samu 390,625. To 256 sau 390,625 shi ne 100,000,000, sau 3 kuma ya ba da lambarmu.

4.1 Lambobi Nawa ne Suke Raba Ta?

Duk lambar da za ta raba 300,000,000 ba saura, dole a gina ta da tubalan nan kawai. Mai ginin yana iya ɗaukar 2 guda ɗaya, ko biyu, har zuwa takwas, ko ya ƙi ɗauka sam: zaɓi tara ke nan. Yana iya ɗaukar 3 ko ya bar ta: zaɓi biyu. A wajen 5 ma zaɓi tara yake da shi. In aka ninka 9 sau 2 sau 9 za a samu 162. Wato lambobi 162 ne cif suke raba ta daidai, tun daga 1 har zuwa ita kanta, kuma mun gano haka ba tare da mun gwada ko guda ba.

Yanzu a sake duban matakan ƙirgar wuri. Hauya ita ce 2 sau 2 sau 5. Zangu 2 guda biyu ne da 5 guda biyu. Metan 2 guda uku ne da 5 guda biyu. Keso 2 guda biyar ne da 5 guda huɗu, wato 32 sau 625. Dukkansu da 2 da 5 kaɗai aka gina su, shi ya sa kowanne yake shiga cikin keso daidai, keson kuma yake shiga cikin lambarmu daidai.

4.2 Abin da Ba Ya Raba Ta

Lambarmu cika ce, ba mara ba, tunda tana rabuwa biyu. Tana rabuwa uku, domin akwai 3 a tubalanta. Amma ba ta rabuwa tara, saboda 9 tana bukatar 3 guda biyu, ita kuwa guda ɗaya gare ta. In aka raba ta ga mutum tara, kowa zai samu 33,333,333, wuri uku su yi saura. Haka nan babu 7 a tubalanta, don haka mutum bakwai za su samu 42,857,142 kowanne, wuri shida su rage a tabarma.

Har ila yau, ba za a iya jera ta murabba'i ba, wato a yi sahu-sahu ta yadda yawan sahu zai yi daidai da yawan wurin da ke kowane sahu. Kafin hakan ya yiwu sai kowane tubali ya samu abokin tafiya, a raba su gida biyu daidai. 2 guda takwas za su rabu, 5 guda takwas za su rabu, amma 3 ita kaɗai ce. Abin da ya fi kusa shi ne 17,320 sau 17,320, wanda ya ba da 299,982,400, ya gaza. In aka ƙara ɗaya, 17,321 sau 17,321 ya ba da 300,017,041, ya zarce.

4.3 Keso da Matsalar Sulusi

Wannan 3 guda ɗaya tana da amfani babba, kuma za a gane haka in aka kwatanta da keso, wanda ba shi da ita. Hausa ta ari kalmomin kaso daga Larabci, waɗanda aka fi ji a wajen rabon gado: nusufi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi, wato ɗaya bisa biyu, bisa huɗu, bisa takwas, bisa uku da bisa shida. Nusufin keso 10,000 ne, rubu'insa 5,000, sumuninsa 2,500, ushirarsa kuma 2,000. Duk sun fita lafiya. Amma sulusin keso ba ya fita: kowane kaso 6,666 ne, wuri biyu su yi saura, kuma ba a fasa wuri. Sudusi ma haka, 3,333 da saura biyu. Sai an haɗa keso uku, wato 60,000, sannan sulusi da sudusi za su fita.

Ita kuwa 300,000,000 ba ta da wannan matsala. Sulusinta 100,000,000 ne, sudusinta 50,000,000, sumuninta 37,500,000. Ƙaramar lambar da duk waɗannan kaso biyar suke fita a cikinta ita ce 24, kuma lambarmu tana rabuwa gida 24, kowane gida 12,500,000.

5.0 Kintace da Ƙididdiga

Tubalan lamba suna iya tona asirin yadda aka same ta. Lambar da kusan dukkan tubalanta 2 da 5 ne, mai jerin sifili a baya, yawanci kintace ce ta ɗan Adam mai yatsu goma. Barth bai ƙirga wurin Kano ba, ƙiyasi ya yi, kuma ya faɗi haka.

Domin a ga bambanci, ga wata lamba maƙwabciyarta daga fannin kimiyya. A makarantun sakandare akan koyar cewa haske yana gudun mita 300,000,000 a daƙiƙa guda. Wannan ma kintace ne don sauƙin lissafi. Ainihin adadin, wanda aka tsayar a taron ma'aunai na duniya a shekarar 1983, shi ne 299,792,458. Tazarar da ke tsakaninsu 207,542 ce kawai, amma gininsu ya sha bamban. Tubalan wannan ta biyu huɗu ne: 2, 7, 73 da 293,339, kowanne guda ɗaya. Lambobi 16 kaɗai suke raba ta. Ba ta rabuwa uku, ba ta rabuwa biyar, amma tana rabuwa bakwai, abin da ya gagari maƙwabciyarta.

Darasin da ke nan ga mai fassara shi ne, in ya ga lamba mai jerin sifili, ya duba ko marubucin ya sa "kimanin" ko "aƙalla" ko "fiye da", kada ya yar da su a hanya. In kuma ya ga lamba irin ta biyu, to kowane alƙalami a cikinta da gangan aka sa shi, ba shi da izinin dunƙule ta sai ya sanar da mai sauraro.

6.0 Nahawun Babbar Lamba

Yanzu sai mu zo ga faɗar lambar, inda lissafi da nahawu suke haɗuwa. Hausa tana da hanyoyi uku na gina lamba daga wasu lambobi. In aka jera kalmomi biyu ba tare da mahaɗi ba, ninkawa ake nufi: ɗari uku shi ne 100 sau 3. In aka sa "da" ko "sha", tarawa ake nufi: ɗari da uku 103 ne, goma sha uku 13. In aka sa "ba" ko "babu" ko "gaira", ɗebewa ake nufi: ashirin ba ɗaya 19 ne, ashirin biyu babu 18, metan gaira goma 190.

Da tsohuwar Hausa, lambarmu ita ce zambar dubu ɗari uku. Ɗalibin ginin jimla zai lura cewa ana iya yanka wannan yanki ta hanya biyu. Ana iya haɗa "zambar dubu" wuri guda, wato miliyan, sannan a ninka da ɗari uku. Ana kuma iya ware "zambar", wato dubu, a ninka ta da "dubu ɗari uku". Ta farko 1,000,000 sau 300 ce, ta biyu 1,000 sau 300,000, kuma duk amsarsu ɗaya. Dalili shi ne, a ninkawa zalla, ko ta ina aka fara haɗawa sakamakon ba ya canjawa. Don haka wannan yanki yana da li'irabi biyu amma ma'anarsa ɗaya.

Matsala tana tasowa ne in ninkawa da tarawa suka haɗu a yanki guda. A ɗauki "dubu ashirin da biyar". In "ashirin da biyar" ne a haɗe, lambar 25,000 ce. In kuwa "dubu ashirin" ne a haɗe, sannan aka ƙara biyar, lambar 20,005 ce. Wannan harshen damo ne na gaske, kuma tazararsa 4,995. A kasuwar shanu ta Mubi, in dillali ya ce dubu ɗari biyar da hamsin, kowa ya san 550,000 yake nufi, domin babu mai cinikin sa da ƙarin naira hamsin. Yanayin magana ne ya warware. Amma a takardar yarjejeniya, ko shaidar kotu, ko sakamakon zaɓe, babu yanayin da zai warware, tunda kowace lamba tana iya zuwa. Ƙidayar jama'ar Nijeriya ta 2006 ta ba da mutum 140,431,790. Farkon wannan lamba, "miliyan ɗari da arba'in", in aka tsaya a nan, yana iya zama 140,000,000 ko 100,000,040.

A gwada karanta gudun haske: miliyan ɗari biyu da casa'in da tara, da dubu ɗari bakwai da casa'in da biyu, da ɗari huɗu da hamsin da takwas. Akwai "da" guda takwas a ciki, amma ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta uku da ta shida su ne suke haɗa manyan rukunai, wato rukunin miliyan da na dubu da na ɗari. Sauran shidan a cikin rukunai suke aiki. Mai karatun da bai bambance su da muryarsa ba ya bar mai sauraro cikin duhu.

Masu magana da Hausa suna da dabarun kauce wa wannan ruɗani, kuma ina ganin ya kamata mu riƙe su a matsayin ƙa'ida:

(a) A sa "guda" kafin ƙaramar lambar da ba ta cikin rukunin dubu: dubu ashirin da guda biyar, wato 20,005.

(b) A maimaita sunan rukuni in ana tsoron kuskure: dubu ashirin da dubu biyar, wato 25,000.

(c) A ɗan dakata a duk inda waƙafi yake a rubutun lambar, kuma a rubuce a sa alƙaluma kusa da kalmomi.

Akwai kuma tarko na biyu, wato kalmomin da darajarsu take canjawa daga wuri zuwa wuri. A Nijeriya jaka guda fam 100 ce a da, da aka koma naira a 1973 ta zama naira 200. A Nijar kuwa jaka sefa 1,000 ce, kuma ana ƙirga kuɗi da dala, wadda take sefa 5, ta yadda dala ashirin take nufin sefa 100. Mu da muke bakin iyakar Kamaru, inda naira da sefa suke haɗuwa a kasuwa ɗaya, mun san cewa wajibi ne a tambayi mai magana da wane kuɗi yake lissafi. A lura kuma cewa jakar Nijar dala 200 ce, wato metan, kuma ƙirgar biyar-biyar ta zamanin wuri ba ta ɓace ba.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa 300,000,000 an gina ta ne da 2 guda takwas, 3 guda ɗaya da 5 guda takwas, lambobi 162 suke raba ta, tana ba da sulusi da sumuni amma ba ta rabuwa bakwai ko tara. Mun ga cewa hauya da zangu da metan da keso duk daga 2 da 5 aka gina su, shi ya sa suke shiga cikin juna ba saura. Mun kuma ga cewa jerin kalma a Hausa ninkawa ne, "da" tarawa ce, kuma haɗuwarsu ce take haifar da harshen damo.

Ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara, musamman masu neman batun kundin kammala digiri, su je wurin tsofaffin 'yan kasuwa da dillalai su tattara kalmomin ƙidaya da na awo tun masu su suna raye, su kuma kwatanta su da na harsunan da ke kewaye da mu a nan Mubi, irin su Fulfulde da Gude da Margi. Kafin nan, ga ɗan aikin gida: a rubuta 140,431,790 da kalmomin Hausa, a karanta wa aboki ba tare da ya ga takardar ba, a ce ya mayar da ita alƙaluma. In abin da ya rubuta ya yi daidai da na takarda, to mai karatun ya iya.